Sega, Sony 1 ko Sony 2: wace tsohuwar zuma ce har yanzu take magani?

Ana saura mako biyu a ba da dogon hutu Yayana ya kira ni daga Makka. Yaransa uku, babban yana da shekara 13, autar tana da 7, kuma duk wanda ya san zafin Makka a watan Yuli ya san babu zancen yaro ya fita wasa kafin la'asar sakaliya. Ya ce, "Wayar uwarsu ta zama abin faɗa a gidan nan. Ka tuna gem ɗin da muke bugawa a Fagge? Na ga wani ɗan abu kamar filashi, wai wasa dubu ashirin ne a cikinsa. In saya, ko in nemi Sony irin tamu ta da?" Na ce, "Yaya, dakata tukuna, kar ka fitar da riyal ko ɗaya sai mun yi magana."

Na dakatar da shi ne don na riga shi bin wannan hanya. Shekara uku ke nan ina tara tsofaffin na'urori a ɗakina a Jidda, wasu daga kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh, wasu daga manhajar Haraj, ɗaya kuma kyauta aka ba ni. Abin da na koya shi ne, tambayar ko tsofaffin wasanni suna da daɗi yadda muke tunawa ba ta da amsa guda. Zamani uku ne muke haɗawa mu kira su "na da", kuma kowanne da irin tsufan da ya yi.

Na farko shi ne zamanin kaset. Nintendo ta fitar da Famicom a Japan a 1983, mu kuma kwafinta ne ya iso gare mu, wadda Larabawan nan suke kira kambiyutar al-a'ila. Sai Mega Drive ta Sega a 1988, da Super Nintendo a 1990. Da na sake kunna waɗannan, na ɗauka su ne za su fi ba ni kunya, tunda sun fi tsufa. Ashe su ne suka fi riƙe mutuncinsu. Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa kilobait 40 ne, bai kai nauyin hoto ɗaya da wayarka take ɗauka ba, amma tsallen Mario har gobe yana bin yatsa kamar an auna: ka taɓa kaɗan ya yi ɗan tsalle, ka danne ya yi dogo. Sonic, shuɗin nan mai gudu, na 1991 haka, Streets of Rage 2 na 1992 haka, Street Fighter II haka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zane ne aka yi shi ɗigo-ɗigo da hannu, a lokacin da masu yin sa suka gama ƙwarewa a kansa, kuma zane mai kyau ba ya zama mummuna don an samu sabon fenti. Metal Slug na 1996 ma har yau in ka kunna sai mutum ya tsaya kallo. (Kamfanin da ya fitar da shi, SNK, tun 2022 kusan dukkan hannun jarinsa yana hannun wani kamfani na gidauniyar Misk ta nan Saudiyya, abin da ko a mafarki ba mu kawo ba muna yara.)

Inda na kaset suke ba yaron yau wahala shi ne rashin tausayi. A Contra harsashi ɗaya ke kashe ka, kuma rai uku gare ka. Super Mario Bros. mataki 32 ne, babu inda za ka ajiye ka dawo gobe, in an kashe na'ura sai daga farko. Mu mun jure saboda kaset ɗaya ko biyu muke da su, NEPA kuma ta koya mana haƙuri. Yaron da ya saba da wasan waya, wanda in ya faɗi ake tayar da shi a inda ya faɗi, minti goma zai yi ya aje hannu. Wannan matsala tana da magani, zan zo kanta.

Na biyu shi ne PlayStation ta farko, wadda a nan kowa ke ce wa Sony 1. Ta fito a Japan a Disambar 1994, ta isa Turai da Amurka a 1995. Ita ce na fi ƙauna a zuciya, kuma ita ce ta fi karya mini zuciya. Daren da na haɗa ta da talabijin na bango na sa wasan ƙwallon ƙafa na Winning Eleven, na zauna ina jiran in ga 'yan wasan da nake tunawa. Abin da ya fito wasu mutane ne masu kai kamar akwati, fuska a shafe, layukan fili suna rawa kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Ba lalacewa na'urar ta yi ba, haka take tun asali. Tana gina komai ne da ƙananan alwatika, kuma ba ta iya aje kusurwarsu tsakanin ɗigo da ɗigo ba, sai dai ta tura ta ɗigo mafi kusa, shi ya sa komai ke karkarwa in kyamara ta motsa. Yawancin wasanninta ɗigo 320 ne a kwance, 240 a tsaye. Talabijin mai 4K yana da 3840 da 2160, wato ninki 108. Kowane ɗigo ɗaya sai an baza shi a gurbin ɗari da takwas, to ina aibi zai ɓuya?

Ba hoto kaɗai ba, har da tuƙi. Hannun farko na Sony 1 ba shi da sandunan nan biyu da babban yatsa ke juyawa, sai a 1997 suka zo. Don haka a Resident Evil da Tomb Raider, dukansu na 1996, mutum yana tafiya ne kamar amalanke: sai ka tsaya, ka juya, sannan ka miƙe. Na ba ɗan Yayana Tomb Raider wata rana da suka zo Jidda. Ya yi ta karo da bango, can ya ɗago ya ce, "Baffa, hannun ne ya lalace?" Hannun lafiyarsa ƙalau.

Duk da haka ba zan yi wa Sony 1 kuɗin goro ba. Tekken 3, wanda ya zo mata a 1998, yana gudu sumul har yanzu, kuma Eddy, ɗaya daga cikin 'yan faɗan wasan, yana nan yana tayar da rigima tsakanin wanda ya iya da wanda ke danna maɓalli barkatai. Crash Bandicoot na 1996 da tseren motocinsa na 1999, Crash Team Racing, sun tsira saboda zanen barkwanci ne, ba su yi ƙoƙarin kama da mutum na gaske ba. Ƙa'idar da na lura da ita ke nan a wannan na'ura: wasan da ya nemi ya yi kama da duniya ya tsufa, wanda ya tsaya a zane ya rayu.

Winning Eleven kuwa sai da na raba abu biyu a raina. Akwai wasan, akwai abin da ke kewaye da wasan. Abin da nake kewa shi ne benci a gidan gem, wanda aka ci ya tashi, na baya suna ihu, da gardamar wa zai ɗauki Najeriya saboda Tijjani Babangida. Ɗan Kaduna ne, yana Ajax a lokacin, kuma a gem ɗin in ka tura masa ƙwallo ta gefen dama babu mai kamo shi. Abin daɗi, samarin Jidda da suka girme wa talatin da biyar sun san shi kamar yadda muka san shi, ta gem ɗin da kuma ɗan zaman da ya yi a Ittihad a 2002. Na taɓa ambatar sunansa a wurin aiki, wani abokin aikina Balarabe ya yi dariya ya ce a unguwarsu har doka suka kafa a kansa. Amma ranar da na zauna ni kaɗai da Winning Eleven ɗin, wasa biyu na buga na kashe. Faifan bai zo da bencin ba.

Na uku, Sony 2. Ta fito a Maris na 2000, ba a daina ƙera ta ba sai farkon 2013, kuma an sayar da sama da miliyan 160, babu na'urar gem ta gida da Sony ta yi da ta kai haka. Wannan yawa yana da amfani ga mai saye a yau: na'urar tana ko'ina, hannunta yana ko'ina, mai gyaranta ma ba ya wuyar samu. A kanta ne wasan ƙwallo ya nuna. PES 6 na 2006 shi ne wasan da na sake bugawa na same shi daidai da yadda na bar shi, ko ma fiye. Ƙwallo tana da nauyi, fasin yana bin inda ka nufa, Adriano yana dukan da gola ba ya gani, Liverpool kuma tana nan da sunan Merseyside Red saboda rashin lasisi. Minti biyar za ka yi ka manta da fuskokin. Resident Evil 4 da Shadow of the Colossus, dukansu na 2005, suna tsaye da ƙafarsu. Sannan tana karanta mafi yawan faya-fayan Sony 1, sai dai in za ka ajiye wasan Sony 1 dole ka nemi memorin Sony 1, nata mai megabait 8 ba zai karɓa ba.

Gargaɗi ɗaya ga iyaye, kuma na faɗa wa Yayana shi ba ɓoye-ɓoye. Wasannin da suka fi tashe a Sony 2, irin su GTA San Andreas na 2004 da God of War na 2005, na 'yan shekara 18 ne, akwai jini da batsa da ashar a cikinsu. Mun buga su muna samari ba wanda ya duba. Tsufan wasa ba ya wanke shi. Na'urar da aka sayo da rumbu cike da wasanni, sai uba ya zauna ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya kafin ya miƙa.

Yanzu ga abin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne rabin maganar: talabijin. An yi waɗannan wasanni ne don talabijin mai ƙeya. Shi yana zana hoto layi-layi da haske, gefen ɗigo yana narkewa cikin na kusa da shi, sai ido ya ga abu mai laushi. Kuma ba ya jinkiri, kana dannawa abin yana faruwa. Talabijin na bango sai ya karɓi hoton, ya sarrafa, ya faɗaɗa, sannan ya nuna. Wasan da ke tafiya da hoto 60 a sakan, jinkirin hoto huɗu ko biyar ya isa ya jefa Mario rami, kai kuma ka ɗauka girma ne ya rage maka hannu. Ƙaramin akwatin nan mai araha da ke mayar da jan waya da fara da rawaya zuwa HDMI sau da yawa ƙara jinkirin yake yi, ya kuma dusashe hoton. Akwai na kirki, irin su RetroTINK da OSSC, amma kuɗinsu kan wuce na na'urar kanta. Wasan harbin agwagwa, Duck Hunt, bindigarsa ba ta aiki sam a talabijin na bango. Ranar da na samo ƙaramin talabijin mai ƙeya mai inci 14 na mayar da Sony 1 kansa, Tekken 3 ya dawo kamar yadda na san shi, har Winning Eleven ɗin ya rage muni. In babu wurin aje mai ƙeya, aƙalla a shiga saitin talabijin a kunna yanayin gem, a kuma mayar da hoton 4:3 don kar 'yan wasa su zama gajeru masu faɗi.

To ta wace hanya mutum zai same su? Na gwada huɗu.

Asalin na'ura ta gwanjo ita ce ta fi ba da ɗanɗanon da, ita ce kuma ta fi neman kulawa. Idon da ke karanta faifai yana gajiya, waɗanda suka yi zamanin Sony 1 sun tuna yadda ake kifa ta ciki sama don ta karanta. Danshin tekun Jidda yana cin ƙarfen bakin kaset, ƙura tana toshe fanka. Kaset masu ajiya suna da ɗan batir a ciki wanda ya daɗe da mutuwa a yawancinsu. Kar ka saya sai an kunna a gabanka, faifai ya karanta, ka gwada kowane maɓalli a hannu biyun. Ka tambaya ko mu'addal ce, wato an buɗe ta, domin wadda ba a buɗe ba ta Turai ba ta karɓar faifan Amurka ko na Japan. Sai wuta. Super Nintendo da aka ba ni kyauta ta Japan ce, adaftarta ta wuta 100 ce. Na soka ta a soket mai 220 ban karanta bayanta ba. Ƙara ɗaya ta yi, wari ya tashi, shi ke nan. Na yi sa'a adaftar kaɗai ta ƙone, amma na yi wata biyu ina neman madadinta. Tsofaffin gidaje a Makka da Jidda har yanzu wasu suna da soket iri biyu a bango ɗaya, don haka a karanta ɗan rubutun nan kafin a soka komai.

Hanya ta biyu, ƙananan na'urorin da kamfanonin da kansu suka sake fitarwa da HDMI. Nan akwai bambanci babba tsakaninsu. Ƙaramar Super Nintendo ta 2017 tana da wasa 21, ciki har da Super Mario World da Super Mario Kart da Donkey Kong Country, kusan babu na yarwa. Mega Drive Mini ta 2019 tana da 42, da Sonic da Streets of Rage 2 a ciki. Dukansu suna barin ka ajiye a duk inda ka ga dama, kuma wannan ne maganin rashin tausayin da na ambata. PlayStation Classic ta 2018 kuwa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wasa 20 ne, babu Crash, babu wasan ƙwallo, hannunta ba shi da sanduna, kuma tara daga cikin wasannin, har da Tekken 3, na tsarin Turai ne mai hoto 50 a sakan maimakon 60, wato suna tafiya da nawa. Matsalar na Nintendo ita ce an daina ƙera su, jabu kuma ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya, ciki daban.

Ta uku ita ce wadda Yayana ya gani, filashin nan mai wasa dubu goma ko dubu ashirin. Na sayi ɗaya don in gani da idona. Wanda ya tuna kaset ɗin da aka rubuta wa 9999 a jiki, ka kunna ka tarar wasa biyar ne ake ta maimaitawa, ya riga ya san labarin. Wasa ɗaya sai ya fito sau shida da suna daban-daban, da yawa da rubutun Japan, neman wanda kake so kuma aiki ne. Na kaset suna tafiya ba laifi. Na Sony 1 wasu suna sarƙewa, sauti yana yankewa. Hannayen marasa waya su ne suka fi ɓata mini rai, jinkiri gare su, robar kuma ba ta jure hannun yara. Ga shi wasannin kwafi ne da aka zuba ba da izinin masu su ba, kuma ba wanda ya tace su, na yara da na manya duk a jere ɗaya. Arahar gaskiya ce, amma araha ba ta ado.

Ta huɗu ta mai sabuwar na'ura ce. Mai Switch in ya biya kuɗin shekara na Nintendo Switch Online zai samu tarin wasannin Famicom da Super Nintendo, in ya ƙara kuɗi ya samu na Mega Drive da Nintendo 64, da damar mayar da wasa baya in ya faɗi. Mai Sony 4 ko 5 yana da wasu tsofaffin a babban matakin PlayStation Plus. Sai waɗanda aka sake ginawa daga tushe: Crash guda uku a faifai ɗaya a 2017, tseren Crash a 2019, Resident Evil 2 a 2019, na 4 a 2023. Ga wasannin Sony 1 musamman, wannan ce hanyar da na fi yarda da ita, domin sabon ginin ya fi kama da abin da ke cikin kanka fiye da asalin. Abin da ba za ka samu ta nan ba shi ne tsofaffin wasannin ƙwallo. Lasisin sunayen 'yan wasa da ƙungiyoyi ya ƙare, PES ma ta zama eFootball tun 2021. Mai son PES 6 sai ya koma wa Sony 2.

Akwai abu guda da duk tsofaffin suka fi na yau da shi, kuma shi ne ya fi nauyi a wurina da na tuna yaran Yayana ake saya wa. Ba sa buƙatar intanet. Babu baƙon da zai yi wa yaro magana a kunne, babu shagon cikin wasa da zai sa ya zo yana roƙon katin banki don buɗe fakitin 'yan wasa, babu sabuntawa ta awa biyu kafin a fara. Kuma an yi su ne don mutum biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa.

Ga yadda na yanke wa Yayana. Na ce in don kansa ne, yana son ya ji ƙamshin Fagge, ya nemi siririyar Sony 2, wadda aka fara fitarwa a 2004, da hannu biyu na asali da memori da PES 6, in da hali da ƙaramin talabijin mai ƙeya, sannan ya tabbata yana da abokin bugawa, in ba haka ba za ta koma kan durowa cikin wata guda. In don yaran ne, musamman autar, Mega Drive Mini ko ƙaramar Super Nintendo ta gaske ta fi, saboda ajiya da sauƙin haɗawa da kuma tsabtar wasannin. Sony 1 ita kaɗai ban ba shi shawarar saye ba, tunda Sony 2 za ta karanta masa Tekken 3 da Crash. Filashin kuma na ce ya bar shi, sai dai in kuɗin ne suka tsaya a nan, to ya saya da sanin abin da ya saya, ya kuma nemi hannu mai waya.

Ya ɗauki Sony 2. Na kai masa ita da kaina wata Juma'a, na haɗa da Mega Drive Mini ɗina aro har ƙarshen hutu. Bayan sallar isha'i muka baje a falo a gidansa da ke bayan Shara Mansur, Yaya ya ɗauki Inter saboda Adriano, babban ɗansa ya ɗauki Barcelona. Yaron ya fara da ƙorafin cewa fuskar Ronaldinho ba ta yi kama ba. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ya daina maganar fuska, ya miƙe tsaye yana bugawa. Uban ya ci shi 3 da 1, ya ce masa, "Tashi, dokar ke nan, ba Baffanka hannu." Autar tana gefe ta ƙanƙame hannun Sega, tana tambaya yaushe za a sa mata mai gudun nan shuɗi.